Toulouse da Leinster a 2024: alƙali ne ya kayar da Leinster ko lissafinsu ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, Coton Sport nake bi tun ina yaro, amma kwanan nan wani abokina da ya yi karatu a Ngaundare ya ja ni cikin kallon zari-ruga. Mun zauna a nan Yelwa, Garwa, mun kalli wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2024 tsakanin Toulouse da Leinster, kuma har yau musu muke yi. Shi ya dage cewa alƙalin wasa ne ya kayar da Leinster, don ya ba James Lowe katin gargaɗi alhali hannu kawai ya kai wa ƙwallo. Ni kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Leinster ce ta fi riƙe ƙwallo, an kuma kori ɗan Toulouse da jan kati, amma duk da haka Toulouse ta ci 31 da 22. Yaya aka yi haka? Sannan me ya sa idan an ba su fanalti wani lokaci su auna tsakanin sanduna, wani lokaci kuma su harba ƙwallon waje da gangan?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu uku ka ɗaure wuri guda: ko katin Lowe ya dace, me ya hana jan katin Richie Arnold, ɗan Toulouse ɗin da aka kora, juya wasan, sai kuma zaɓin da kyaftin ke yi idan an ba shi fanalti. Da na ƙarshen zan fara, domin a ganina can Leinster ta fara zubar da wasan nan, tun alƙali bai kai hannu aljihu ba. Abokinka yana da 'yar gaskiya, amma ba a wurin da yake nunawa take ba, zan zo kanta.

An yi wasan ranar 25 ga Mayu, 2024, a filin Tottenham da ke Landan, alƙalin tsakiya kuwa Matthew Carley ne ɗan Ingila. Tunda daga ƙwallon ƙafa ka fito, ka riƙe lissafin maki, don a kansa duk dabarar take tafiya. Dasa ƙwallo a bayan layin gidan abokan karawa, wato ese, maki 5 ne, bugun da ke biye da shi tsakanin sanduna maki 2. Fanalti idan ya shiga maki 3. Dirof ma, wanda ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa a ɗauke ta da ƙafa ana tsakiyar wasa, maki 3. Aka kwashe minti 80 babu wanda ya ci ese. An tafi hutu Toulouse na da 9 Leinster na da 6, aka tashi 15 da 15, duk da ƙafa. Sai a ƙarin lokaci, minti goma-goma sau biyu, wasan ya kwance. Kofi na shida ke nan ga Toulouse, Leinster kuma karo na uku a jere tana zuwa wasan ƙarshe tana komawa Dablin hannu rabbana.

Maki uku a hannu ko bakwai a rai

Fanalti a zari-ruga ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne. Zaɓi ake ba ka. Ko ka auna sanduna, ko ka nemi mele, wato ƙartin ɓangarorin biyu su sunkuya su haɗa kafaɗa suna ture juna a kan ƙwallo, ko ka taɓa ƙwallon da ƙafa ka ruga da ita nan take, ko ka harba ta waje. Abin da ya sa harbawa waje take da daraja shi ne, idan daga fanalti ka fitar da ita, kai ne za ka yi jifan tush, wato jefo ƙwallo cikin fili daga layin gefe, a inda ta fita. To idan mai bugunka ya iya aiki, sai ya ajiye ku mita biyar daga layin gida. A ɗaga dogo guda sama ya cafe, ƙarti su dunƙule a kansa su yi mol, su yi ta turawa har su ƙetare layi. Idan ta yi kyau maki 7 ne maimakon 3.

Akwai riba biyu kuma da ba a gani a allo. Wanda ya ci maki 3, an koma tsakiyar fili ke nan, ya bar yankin da ya sha wahala kafin ya shiga. Wanda ya tafi kusurwa kuwa yana nan a ƙofar gidansu, kuma duk laifin da masu tsaro suka ƙara a wurin yana taruwa a kan alƙali har ya kira kyaftin ya ja masa kunne, na gaba kati ne. Saboda haka ba wauta ba ce. Leinster ta daɗe tana cin mutane da wannan hanyar.

Matsalar ita ce wasan ƙarshe ba wasan rukuni ba ne. A rukuni ana ba da tukuicin maki guda ga wanda ya ci ese huɗu, shi ya sa ƙungiyoyi suke sabawa da neman ese ko ta halin ƙaƙa. A wasan ƙarshe babu tukuici, wanda ya fi da maki ɗaya shi ke ɗaga kofi. Dubi abin da Toulouse ta yi. Duk lokacin da aka ba su fanalti a inda ƙafa za ta kai, ko da kusa da tsakiyar fili ne, sai Blair Kinghorn ya kafa ƙwallo ya auna. Huɗu ya ci, Thomas Ramos da ya shigo daga benci ya ci huɗu. Maki 24 ke nan cikin 31 daga fanalti kaɗai. Leinster kuwa a rabin farko ta sami fanalti a wuraren da Ross Byrne zai iya ci, ba sau ɗaya ba, suka zaɓi kusurwa. Toulouse ta tare mol ɗin, ko ƙwallo ta suɓuce, ko aka ƙwace ta a ƙasa, suka fito babu ko maki ɗaya. Ka yi ta kai kora kusan rabin lokaci, ka ɗaga kai ka ga allo ya ce kai ne a baya. Wannan yana cin zuciyar ɗan wasa fiye da gajiya, shi kuma wanda ya tsare gida ƙarfi yake ƙara samu.

Me ya kai su ga wannan zaɓin? Sai ka waiwayi baya. A 2022 a Marseille, Leinster ta ci maki 21 duk da fanalti, babu ese ko ɗaya, La Rochelle ta zo a mintocin ƙarshe Arthur Retière ya dasa ƙwallo, aka tashi 24 da 21. Darasin da kowa ya ɗauka a lokacin shi ne, maki uku-uku ba ya kayar da manyan ƙungiyoyin Faransa. Ga shi kuma Toulouse ƙungiya ce da aka san ta da cin ese daga ko'ina, mai hankali zai ce ba za a doke su da ƙafa ba. Lissafin yana da kai. Sai dai ranar nan ba irin wannan wasan aka yi ba, kuma ba a yi nisa ba alamu suka nuna tsaron kowa ya fi harin kowa. A nan ne nake ganin laifin jagororin Leinster a cikin fili: ba zaɓin farko ba, nacewa a kansa bayan an ga ba ya haihuwa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ni abin da nake gaya wa yaran da nake horarwa, ka gwada kusurwa sau ɗaya don ka auna ƙarfin mol ɗinsu, idan suka tare ka tsaf, na gaba ka karɓi ukunka ka koma.

Amma kada ka yarda da masu cewa da sun buga waɗancan da sun ci wasan da tazarar kaza. Ba haka lissafi yake ba. Da sun ci 3 na farko, an koma tsakiya, duk abin da ya biyo baya wani wasa ne daban. Abin da za a iya cewa kawai, a wasan da aka tashi 15 da 15, wanda ya bar maki a ƙasa ba shi da bakin kuka da alƙali.

Riƙe ƙwallo ba riƙe wasa ba ne

Wannan ne zai fi yi wa ɗan ƙwallon ƙafa wuyar haɗiya. A wasanku, muddin ƙwallo na ƙafarka abokin karawa ba zai ci ka ba. A namu, duk lokacin da ka ruga da ƙwallo aka kayar da kai, ka buɗe ƙofar da za a iya cin ka maki 3.

Ga yadda abin yake a daƙiƙa biyu ko uku da suke biyo bayan kayarwa. Wanda ya kayar dole ya saki mutum ya mirgina gefe. Wanda aka kayar dole ya ajiye ƙwallo ko ya miƙa ta nan take, ba zai rungume ta ba. Ɗan tsaron da ya fara isowa, idan ya shigo ta bayan inda nasa suke, yana tsaye da ƙafafunsa, yana da haƙƙin ya sunkuya ya ɗora hannu a kan ƙwallon ya ciro ta. Da zarar ya kama ta da kyau kafin abokan wanda aka kayar su iso su haɗa rak, wato turereniyar da ake yi a kan ƙwallon da ke ƙasa, to ko dai a sakar masa ko alƙali ya busa fanalti. Saboda haka tsere ne tsakanin mai tono da masu zuwa ture shi, kuma rabin daƙiƙa ke raba su.

A nan Toulouse ta ci wasan. Jack Willis, ɗan Ingilan da ke bayan mele ɗinsu, ya yini yana kayarwa yana tashi yana tono. Antoine Dupont kuma, wanda lamba 9 ne, aikinsa raba ƙwallo, sai ga shi yana tono kamar ɗan gaba, wato ɗaya daga cikin ƙartin da ke shiga mele. Ka koma ka kalli wurin nan a rabin farko inda Dan Sheehan na Leinster ya fizge ƙwallo ya ruga, fili ya buɗe masa har kusa da layi. Kinghorn ya biyo shi ya kayar da shi, kafin 'yan Leinster su iso Dupont ya riga ya kafa ƙafa ya duƙa a kan ƙwallon. Abin da ya kusa zama maki 7 ya koma hannun Toulouse. Ba banza aka ba shi gwarzon wasan ba.

Ba wai Leinster ba ta yi tsaro ba. Jacques Nienaber, wanda ya ci kofin duniya da Afirka ta Kudu a 2023 kafin ya koma Leinster, ya kawo musu tsaron nan na rugowa gaba a layi ɗaya, na gefe suna lanƙwasowa ciki don a toshe hanyar da ƙwallo za ta bi ta kai bakin layi. Da shi suka hana Toulouse ese minti 80, abin da ba kowa ke iyawa ba. Toulouse ba ta yi taurin kai ba, ta rage wasan hannu ta koma ƙafa. Akwai dokar da ta shigo gwaji a 2021 ta zauna a 2022: idan ka buga daga rabin filinka, ƙwallo ta yi tsalle a cikin fili ta fita waje a cikin mita 22 na abokan karawa, jifan tush naka ne. Dupont ya yi amfani da ita. Tsaron da ke rugowa gaba yana barin fili a baya da kuma can bakin layi, kuma yana bukatar cikakken adadi. Ka riƙe wannan, don shi ne ya sa katin Lowe ya yi tsada.

Hannun Lowe

Dokar ba ta da tsawo. Idan ƙwallo ta bugi hannunka ta yi gaba bisa kuskure, anaban ne, mele ake ba ɗaya ɓangaren, babu wani horo. Idan da gangan ka doke ta gaba, fanalti ne. Dokar ta kuma yi sassauci ga wanda ya yi ƙoƙarin cafewa ya kasa, da sharaɗin akwai kyakkyawan zaton zai iya mallakar ƙwallon. To duk musun yana kan wannan sharaɗin. Abokinka yana cewa ai hannu kawai ya kai. Alƙali ba ya tambayar abin da ke zuciyar ɗan wasa, don ba shi da hanyar sani. Abin da yake tambaya, a yadda hannun nan ya fita, akwai yadda za a yi ya cafe?

Ni idan ina riƙe da usur, tafin hannu nake kallo. Mai son cafewa yakan kai hannu biyu, ko kuma hannu ɗaya tafin yana kallon sama, yana neman ya ɗaga ƙwallon ya biyo ta, jikinsa ma yana bin inda za ta faɗo. Mai son ɓata wasa yana miƙa hannu ɗaya iya tsawonsa, tafin na kallon ƙasa ko gaba, ƙwallo ta doshi ƙasa, shi kuma ba ya ko bin ta. Yaran da nake busa wa wasa a nan arewa sun san ni da wannan, har idan ɗaya ya yi sai ka ga ya ɓoye hannun a bayansa tun ban busa ba.

Bayan an tabbatar da ganganci ne sai tambaya ta biyu: me aka hana? Idan babu wata dama a bayansa, fanalti kawai. Idan akwai mutum a sake da fili a gabansa, wato an kashe hari mai kyau, kati mai ruwan ɗorawa, minti 10 a waje. Idan kuwa ese ne tabbas aka hana, alƙali ya tafi ƙarƙashin sanduna ya ba da maki 7 kai tsaye haɗe da kati. Carley ya ajiye na Lowe a mataki na tsakiya. Da ni ne ma nan zan ajiye shi, kuma haka ake busa irinsa a manyan gasanni shekara da shekaru. Kana iya cewa dokar ta yi tsauri, akwai tsofaffin 'yan wasa da yawa da ke faɗin haka, suna cewa tana kashe jarumtar tsinke ƙwallo. Wannan muhawara ce da masu rubuta doka, ba da wanda aka ba usur ranar ba. Shi kansa Lowe ya san cinikin da ya shiga: idan ya cafe gwarzo ne, idan ya kasa benci ne.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin darasin. Cikin mintocin da yake zaune Toulouse ta ci maki 10, ese na Matthis Lebel da bugun Ramos, sannan wani fanalti. Kuma ka lura, ba a gefen Lowe aka ci ese ɗin ba, a ɗaya gefen ne. Idan aka cire mutum guda daga layin baya, sauran sai su ja su rufe gurbinsa, ramin ya koma can ƙarshen layi. Toulouse ta watsa ƙwallo hannu zuwa hannu da sauri har ta kai inda babu kowa. Bayan minti 80 ana gwabzawa, ƙafafun da za su rufe wannan tazarar sun riga sun mutu.

Jan katin da bai juya komai ba

Na Arnold ya fi sauƙin bayani. Ya shigo ture mutum a rak, ya sami Cian Healy na Leinster a kai. Tun 2021 hukumar World Rugby ta ba alƙalai tambayoyi huɗu da za su bi a jere duk lokacin da aka taɓa kai. An taɓa kan? Akwai laifi, ko haɗari ne da ba makawa? Yaya girman haɗarin, wato da gudu aka zo, da ƙarfi, kai tsaye? Sannan akwai abin sassautawa, kamar wanda aka buga ya sunkuya ba zato? Idan ka ji alƙali yana magana da na bidiyo a hankali kamar mai karanta takarda, waɗannan matakan yake hawa. Dalilin tsaurin kuwa ba ɓoyayye ba ne: girgizar ƙwaƙwalwa, da tsofaffin 'yan wasa da suka kai hukumomin wasan kotu a Birtaniya kan lalurar da suka ce buguwar kai ta jawo musu.

Shekara guda kafin nan, a wasan ƙarshe na 2023 a Dablin, ɗan Leinster ne Michael Ala'alatoa aka kora kan irin wannan shigar a kan Georges-Henri Colombe, ana dab da tashi, Leinster na ƙofar gidan La Rochelle, La Rochelle ta ci 27 da 26. A 2021 kuma Levani Botia na La Rochelle ne ya ga ja tun rabin farko a kan Maxime Médard na Toulouse. Ma'aunin ɗaya ne, rigar ce kawai ke sauyawa.

To me ya sa bai ceci Leinster ba? Agogo. An kori Arnold ana dab da ƙare kashin farko na ƙarin lokaci, abin da ya rage bai fi na katin gargaɗi da wani abu ba, kuma Toulouse na gaba da maki 10. Leinster ta amfana, Josh van der Flier ya ci ese aka koma 25 da 22. Amma daga nan wa ke bukatar rugawa da ƙwallo? Leinster. Wa ke jira a ƙasa? Willis da Dupont. Ramos ya ƙara fanalti biyu, magana ta ƙare. Sannan rashin ɗan gaba ya fi sauƙin ɓoyewa na ɗan lokaci a kan rashin ɗan baya, muddin ba a yi ta mele da mol ba. Ƙungiya mai mutum 14 takan daina zuba mutane a rak, ta baje layi, ta harba ƙwallo nesa, ta ci lokaci. A wasan ƙarshe na gasar Faransa a 2016, a filin Camp Nou na Barcelona, an kori Maxime Machenaud na Racing 92 tun ba a yi minti 20 ba, suka yi sama da sa'a guda da mutum 14, suka kuma doke Toulon 29 da 21. Jan kati rauni ne, ba hukuncin kisa ba. Daga baya ma an shigo da gwajin jan kati na minti 20 a manyan gasanni, inda wani zai maye gurbin wanda aka kora kan laifin da ba na ganganci ba. A 2024 babu wannan a kofin, Arnold ya fita ke nan.

Kafin duk wannan ma Leinster ta sami wuƙa da nama a hannu. Ana 15 da 15, lokaci na ƙarewa, suka shirya wa Ciarán Frawley dirof, ƙwallon ta bi gefen sanda. A 2023 an zarge su da ƙin gwada dirof, a 2024 sun gwada ba ta shiga ba. Ban ga abin zargi a nan ba, shawarar daidai ce, ƙafa ce ta saɓa. Wani abin sha'awa, Toulouse ta saba da ƙarin lokaci a wannan kofin: da shi ta doke Cardiff a na farko a 1996, da shi ta doke Stade Français a 2005. Kyaftin ɗin da ya ɗaga na 1996 kuwa Émile Ntamack ne, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, ɗansa Romain ne ka gani sanye da lamba 10 a wasan da kuka kalla. Muna da ɗan rabo a ciki ke nan.

Inda abokinka yake da gaskiya

Idan son kai ake nema, sai a bayyana me ya sa aka soke wa Toulouse ese biyu, na Juan Cruz Mallía a farkon wasa saboda ƙafar Dupont ta taɓa layin gefe, da na Lebel a rabi na biyu bayan Jordan Larmour ya tura shi waje, kuma me ya sa jan kati ɗaya tilo na wasan ɗan Toulouse ne ya sha shi. Wannan zargin ba ya tsayuwa.

Amma da abokinka ya ce alƙali yana da hannu a yadda wasan ya kasance, da na ba shi hannu. Ba a kati ba, a rak. Babu rak guda a wasa irin wannan da idan ka tsayar da hoto ba za ka sami laifi biyu ko uku ba: wanda ya kayar bai gama saki ba, mai tono ya ɗan dafa ƙasa da hannu kafin ya kama ƙwallo, mai turewa ya shigo ta gefe, wani ya faɗa a kai ya rufe. Da za a busa duka, babu wasan da za a yi. Saboda haka kowane alƙali yana zaɓar wanda ya fara faruwa kuma ya shafi ƙwallon a fili ƙarara. Wani yana saurin ba mai tono lada, wani yana ba masu hari daƙiƙa guda ta ƙari. Wannan daƙiƙar tana iya zama maki 6 ko 9 a wasan ƙarshe. Ƙungiyoyin ƙwararru sun san haka, suna nazarin alƙali kamar yadda suke nazarin abokan karawa, kuma minti goman farko ana kashe su ne wajen gane inda ya ja layinsa yau. Wanda ya fara ganewa ya gyara shi ke cin riba. A idona Toulouse ta riga Leinster ganewa, Leinster kuma ta ci gaba da aika mai ƙwallo gaba masu tallafa masa suna baya da taku ɗaya.

Ka ɗauki hukuncina da awo. A talabijin na kalla kamar ku, kuma kyamara tana nuna rak daga sama ko daga gefe, alƙali kuwa yana tsaye mita kaɗan yana ganin hannaye ta wani lungu da mu ba mu gani. Busar da na saba da ita ta ɗalibai ce da matasa, a filayenmu masu tauri da tsakuwa, inda da rani ko faɗuwa ba a so a yi balle a yi tono, babu bidiyo, babu maimaici, abin da ido ya gani sau ɗaya shi ke nan. A irin wannan filin na fi Carley saurin busawa nesa ba kusa ba, musamman kan duk abin da ya haura ƙirji, don yaron da ya bugu a kai ba likita a bakin layi. Akwai rak biyu ko uku a wasan nan da ni da wani abokin aikina za mu kalla mu saɓa, kowa da hujjarsa a doka.

Idan za ku sake kallonsa, ku raba aiki. Kai ka daina bin ƙwallo, ka bi mutum na biyu da na uku da ke isowa bayan kowace kayarwa, ka ga rigar wa ke riga isa. Shi kuma abokinka ya riƙe takarda, duk fanaltin da aka ba Leinster a cikin rabin Toulouse kafin hutu ya rubuta abin da suka zaɓa da makin da suka fito da shi.